Ranar da Na Ƙwace Farar Gada a Hannun Taubashina

Shekarun baya, tun ina kabu-kabu tsakanin Gwandu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tun wannan tumbin nawa bai zo ya raba ni da ganin yatsun ƙafata ba, na taɓa yin abu guda na jarumta. Guda tak. Na san masu bibiyata a nan za su ce ga shi nan zai fara, domin ni ne mutumin da ya ba ku labarin yadda na kori kura da silifa, kuma har gobe ina nan a kan bakana, sai dai in an matsa mini in yarda cewa kurar ta ɗan yi kama da karen maƙwabta. Amma wannan na yau ku ajiye gishirinku, ban barbaɗa masa ko ƙwaya ba.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wato ɗan wan mahaifiyata. Kun dai san yadda abin yake tsakanin ɗan mace da ɗan namiji: ba a fushi. Ya zage ka ka yi dariya, ya ɗauki abinka ka bi shi da fatan alheri. Wanda ya fara ɓata rai shi ya faɗi, kuma har jikokinsa sai sun ji labari. Shi yana ce mini bawansa, ni ina ce masa bawana, har yau ba a samu alƙalin da ya raba wannan gardama ba. Mutumin nan ranar ɗaurin aurena ya kwashe mini takalma a ƙofar masallaci, na dawo gida cikin babbar riga ina tsalle a kan rairayi mai zafi kamar an jefa fara a kasko. Ya taɓa shigowa gidana ya kama zakaran da nake ji da shi, ya kai aka soye masa, ya aiko mini da ƙafafun a leda wai kada in ce bai tuna da ni ba. Duk na yi dariya. Dariyar da ciwo, amma na yi.

Shi ɗan farauta ne na gaske, ba irina mai farauta da baki ba. Dogo ne, ƙirji kamar ƙofar gareji, in ya ɗaura warki ya sha guraye ya rataya adda, ko ni da muka yi wasan ƙasa tare sai na gyara tsayuwa. Yana da wani jan kare mai yankakken kunne, wanda na tabbata da za a ba shi zaɓi da ni zai fara karya kumallo.

A shekarar ne labari ya cika gari cewa akwai farar gada a dajin da ke bayan Dalijan. Gada dai kun san ta, 'yar dabbar dajin nan mai kama da ƙaramar akuya, jikinta kalar ƙasa, in ta lafe a gindin sabara sai ka kusa taka ta ba ka gan ta ba. To wannan an ce fara ce fat, kamar an wanke ta an sa mata bula. Masu itace sun gan ta, Fulani makiyaya sun gan ta. Kafin ka ce kwabo labarin ya yi 'ya'ya da jikoki. Wani ya ce an saita ta da bindiga, bindigar ta zubo da ruwa. Wani ya ce da la'asar takan rikiɗe ta koma mace ta tafi rijiya da tulu. Wani kuma ya ce ku bar wannan zance, arziki ne kawai mai ƙafa huɗu, domin masu shimfiɗa kayan magani a kasuwa nemanta suke ido rufe, fatar, wutsiyar, har kofato, wai in aka haɗa wa mutum laya da su ya yi sallama da talauci.

Abokaina na tasha suka zuba mini ido suna jiran in ɗora nawa, don irin wannan labarin abincina ne. Ban ce uffan ba. Har wani ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi nake. Abin da ba su lura da shi ba, duk maganganun nan na riga na ji su tun ina yaro, ba a kan gada ba, a kan ƙanwata. Ƙanwata zabiya ce. Ranar da aka haife ta mata suka cika gidanmu, ba barka ta kawo su ba, kallo. An ce 'yar ruwa ce, an ce aljanu suka yi musaya, an ce irinsu ba sa mutuwa sai dai su ɓace. Akwai tsohuwar da ta taɓa roƙon mahaifiyata 'yan silin gashinta wai za ta haɗa magani, Inna ta raka ta har zaure da muciya. Ni kuwa wannan bakin nawa da kuke gani, a kanta na wasa shi. Ba ni da ƙarfin dambe, saboda haka duk yaron da ya tsokane ta a hanyar makaranta sai in laƙaba masa sunan da zai bi shi har ɗakin amaryarsa. Akwai mutane a Gwandu yau da furfurarsu suna amsa sunayen da na raɗa musu saboda ita.

Da rani ya tsaya, an gama kwashe amfanin gona, sai aka yi gayyar farauta. Mutanen Kambaza, mutanen Dalijan, namu na gari, har da wata mota shaƙe da ƙarti da karnuka daga wajen Kalgo. Taubashina ya zo da sassafe ya hau mashin ɗina ko sallama babu, ya ce bawa ya tashi ya kai ubangidansa daji, yau za a ga mai korar kura. Na ce ina da fasinja, ya ce ya sallame su. Na ce taya ba iska, ya ce ya latsa ya ji. Haka na ɗauko shi, shi a baya, karen a kan tanki tsakanin hannuwana, yana huci yana waiwayowa yana duban maƙogwarona kamar mai zaɓen tsoka a teburin mahauci. Ban taɓa tuƙi da ladabi irin na ranar ba.

Wanda bai taɓa zuwa farauta ba, bari in gaya masa, ba wurin mai kunya ba ne. Ganga na tashi, ƙaho na kuka, kowa na kirari yana cewa shi ne wane ɗan wane da ƙarfe ke jin tsoro. Dokar wurin kuma guda biyu ce. Ta farko, wanda karensa ya fara kamawa, nama nasa ne. Ta biyu, ta farkon ba ta aiki in wanda ya fi ka ƙarfi yana kusa. Ƙwace ake yi, a fasa kai a kan zomon da bai isa miyar gwauro ba. Akwai sarkin dawa, wani siririn tsoho da goro ba ya rabuwa da bakinsa, shi ke raba rigima in ta kai a raba.

Ni dai na samu inuwar wata aduwa na kafe mashin, na sanar da jama'a cewa ni ne mai tsaron baya, aiki mai hatsari da ba kowa ake ba wa ba. Na zauna na buɗe ƙullin ƙuli-ƙuli.

Rana ta take, ga daji an riga an cinna masa wuta kwanakin baya, ko'ina ka duba baƙi ƙirin, sai 'yan tsirarun sabara da geza nan da can. Ina cikin tauna na ji ihun ya canza. Ihun zomo daban yake, wannan kuwa kamar gari ne ya ga wata. Na taka mashin na miƙe, sai na hango ta.

Jama'a, a kan wannan ƙonanniyar ƙasa, kamar an ɗiga nono a baƙin akushi. Tana gudu tana neman maɓoya. Ta faɗa wannan sabara, ana ganinta. Ta fito ta faɗa waccan, ana ganinta. Da gada ce irin sauran, da tuni ta lafe an wuce ta ana zagin karnuka. Ita ba ta da inda za ta lafe a duk faɗin dajin nan. Gudun ma ba daidai take yinsa ba, tana karo da kututture tana tuntuɓe, kamar hasken ya fi ƙarfin idonta.

Jan karen nan shi ya cim mata, ya cafke ta a cinya, kuma don Allah Ya so Ya jarrabe ni, a gaban aduwata suka zube. Taubashina ya iso yana haki, ya make karen gefe, ya danne ta da gwiwa, ya juya ta gabas, ya zaro wuƙa daga kube.

"Bawa, taho riƙe man ƙafafu."

Na taho. Gaskiya da niyyar riƙewa na taho, har raina ya fara raya mini cinyar da za ta biyo ni gida. Na durƙusa na kama ƙafafun. Sai ta juyo da kai.

Idanun nan ba baƙaƙe ba ne irin na dabba. Wasu ja-ja ne masu haske, gashin idon fari, ƙwayar tana rawa, tana ƙanƙance su tana kawar da kai daga rana, ruwa na bin gefensu. Na san wannan kallon. Shi nake gani tun ina yaro, duk lokacin da ƙanwata ta fito tsakar gida da rana ta manta malfarta.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na zura hannu ƙarƙashin cikinta na fizgo ta, na rungume, na miƙe tsaye. Ita kuwa ba ta san mai ceto ba, ta sakar mini wani shuri a ciki wanda har yau in hadari ya haɗo ina jin wurin. Rigata ta rabu biyu kamar an yi rabon gado. Taubashina ya saura a durƙushe da wuƙa a hannu, yana kallon ƙasa wayam.

Kafin ya miƙe jama'a sun iso sun kewaye mu, karnuka na tsalle suna neman ƙafafunta, wasu kuma nawa. Sai wani daga baya ya ce ai ga shi nan, abin da ake faɗa ya tabbata, aljana ce, ta shige ni. Nan take na ga da'irar ta buɗe, ƙarti masu guraye suna ja da baya suna tofa addu'a a ƙirji.

To a nan ne fa aka zo wurin. Ƙofa ce aka buɗe mini har da shimfiɗa tabarma. In na juya ido, na saki kumfa, na yi magana da muryar tsohuwa, wallahi karnukan ma sai sun riga iyayengijinsu isa mota. Aikina ne, na iya shi, na yi wanda ya fi shi a kan abin da bai kai wannan ba. Har na buɗe baki. Sai na ji harshen ya ƙi. In na ce aljana ce, to na gaskata duk abin da aka taɓa faɗa a kan 'yar uwata, ni da bakina, a gaban garuruwa.

Na ce, "Ba aljana ba ta. Gada ta, kamar kowace gada. Zabiya ta, Allah Ya yi ta fara, shi ke nan."

Kun san abin da gaskiya ta jawo mini? Waɗanda suka ja da baya suka dawo, har suka fi matsowa. Tunda ba aljana ba ce, to nama ce, kuma ga fata. Na ce a raina, kai wane, shekara da shekaru kana zuba ta ana tafa maka, yau ɗaya da ka gwada gaskiya ga inda ta kai ka.

Taubashina ya matso har ina jin warin gurayensa, ya yi ƙasa da murya.

"Aje ta. Ba wasa nika yi ba."

Ni kuwa na ɗaga tawa yadda na bayan baya zai ji. "Ni kau wasa nika yi. Wasan da kakanninmu sunka bar muna. Na ɗauka, bawa. In fushi za ka yi, yi shi nan jama'a su shaida."

Daga nan na shiga karanto wa taron tarihi. Na ba su labarin takalman ranar aurena, na kwatanta musu tsallen da na yi, da gada a hannu. Na ba su labarin zakara da ƙafafunsa a leda. Mutanen garinmu da suka san zancen suka fara ƙyalƙyala, wani ya ce shi ma ya ci zakaran nan, ya yi daɗi. Taubashina kuwa jijiyar wuyansa ta miƙe kamar igiyar guga. Ya dubi wuƙar, ya dube ni, ya dubi sarkin dawa. Tsohon ya furzar da tuƙar goro, ya tambaya ko da gaske taubasai ne mu. Aka ce masa ɗan mace da ɗan namiji, ba haɗi. Ya ce to abin da taubashi ya ɗauka ya ɗauku, shi dai tunda yake bai taɓa jin an ce wasan nan iyakarsa bakin gari ba.

Taubashina ya mayar da wuƙa kube. Sannan ya yi dariya, irin wadda mutum ke yi in an taka masa gyambo a gidan surukai.

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara. Wani ƙato daga cikin mutanen Kalgo ya ratso jama'a, mutumin da in ya tsaya a gabanka da rana sai ka nemi tocila, riƙe da gora mai ƙarfe a ka. Ya ce karensa ne ya tayar da ita tun farko, kuma shi ba taubashin kowa ba ne a wurin nan. Tunda nama ya bar hannun maza ya koma hannun mai ƙuli-ƙuli, to doka ta biyu ta hau.

Zuciyar gadar na bugawa a kan tawa, ban san wadda ta fi sauri ba. Amma ban sake ta ba. Wasu sun ce taurin rai ne, ni na san har da hannuwan ne suka sandare. Ko ma dai mene ne, tana hannuna.

Sai na ga duhu ya rufe ni. Bayan taubashina ne, ya shiga tsakanina da ƙaton.

"Wanga bawana na. Duk duniya ni kaɗai ka cin zalinshi. Wanda duk yat taɓa shi, ni yat taɓa."

Mutumin da ɗazu ya so ya yanka ta, ga shi yanzu shi ne mai gadinta, ba don yana so ba, don ba zai iya komawa gida a ce an ƙwace wa taubashinsa abu a gabansa ba. Namu suka ɗaga gora, na Kalgo suka ɗaga tasu. Na ga ana shirin zubar da jinin mutane saboda na hana a zubar da na gada. To ni makami ɗaya gare ni. Daga bayan taubashina, wurin da ya fi ko'ina tsaro a jihar Kebbi a wannan lokacin, na leƙo da kai na kira mai ganga. Na ce ya taimaka mu yi wa babban baƙonmu kirari, don in ya kai farar gada gida dole ya samu abin da za a riƙa kaɗa masa. Na gyara murya na saki:

"Sai kai ƙato, gagara-gasa, mai hangen nono a baƙin akushi! Maza na biɗar abin da yaɓ ɓoye, kai kak kama wadda daji yaƙ ƙi ɓoyewa! Makaho yan nuna maka, kac ce ido gare ka!"

Mai gangar nan, Allah Ya saka masa, kamar jira yake. Kafin in rufe baki ya ɗora shi a fata, ganga tana faɗar maganar tiryan-tiryan. Wuri ya ɓarke da dariya, har mutanen motar Kalgo, wani ya jingina da gorarsa yana share hawaye. Kowane ɗan farauta ya san abu guda: sara yana warkewa, amma taken ganga in ya kama mutum ya kama shi har kabari. Duk biki, duk farauta, da ya shigo fili shi za a kaɗa masa. Ƙaton ya tsaya yana auna abin. Sai ya sauke gora, ya taka wurin mai ganga ya riƙe masa hannu, ya ce ya isa haka. Ya juyo ya sanar da jama'a cewa shi dama ba ya cin naman gada, ƙaiƙayi yake sa shi.

Sarkin dawa ne ya rufe zancen. Ya ce mahaifinsa ya yi harbi har ƙarfinsa ya ƙare, amma bai taɓa ɗaga baka a kan farar dabba ba.

"Da ina yaro na aza tsoro na," in ji shi. "Sai da nit tsufa nig gane kunya ta."

Muka kamo hanyar gida, taubashina a baya rungume da gadar cikin ragowar rigata, karen an bar wa wani ya taho da shi, wanda shi kaɗai ma riba ce. Tun daga daji har ƙofar gida zagina yake, kuma bai maimaita ko guda ba, abin har ya burge ni. Amma ta madubi na ga ya cire hularsa ya rufe mata fuska. Da na tanka, ya ce in duba gabana, dabba in an rufe mata ido ta fi natsuwa, ba wani abu ba ne. Na ce to.

Mahaifiyata na ganina ba riga, ciki duk ƙwarzane, ta fara salati. Shi kuma ya shiga kai ƙara, wai Goggo ta ga abin da ɗanta ya yi masa, ya kunyata shi gaban garuruwa. Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce ya gode wa Allah da takalmansa ya dawo.

Ƙanwata tela ce, a lokacin tana ɗinki a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ta tsayar da keke ta taso. Ita sai ta kawo abu kusa da fuska take ganinsa da kyau, saboda haka ta durƙusa har hancinta ya kusa taɓa na gadar. Suka daɗe suna kallon juna. Ni kuwa na gyara tsayuwa, na buɗe ƙirji, ina jiran yabo.

Ta ce, "Kun tsaya da ita cikin rana kuna surutu. Ku kai ta ɗakin ajiya, can babu haske. Ku ba ku san yadda rana ka ci ba."

Yabon ke nan. Muka kai ta.

Maƙwabcinmu, wani malamin makaranta mutumin Zuru, da ya dawo daga coci ya ji labari ya shigo da shuɗin maganin nan na ciwo, ya wanke mata cinya ya shafa. Ƙanwata ta yanko ƙyalle ta ɗaure. Sai ga farar gada da shuɗiyar cinya, kamar 'yar makarantar da biro ya fashe wa a aljihu. Da farko ko ruwa ta ƙi, sai ta maƙure a lungu tana rawar jiki. A hankali ta fara taɓa harawa, amma sai in ƙanwata ce ta ajiye.

Gari kuwa ya ɗauka. Gidanmu ya koma kasuwa, kowa na son ya leƙa. Ni kuma abin nema ya samu, na kafa kujera a bakin ɗakin ina ba da labari, duk zuwan sabbin mutane ƙaton nan sai ya ƙara kamu guda. Har na fara tunanin in gina mata 'yar garka in ajiye ta, ta zama tawa, a riƙa cewa gidan mai farar gada. Wata rana da mutane suka watse, ƙanwata ta kira ni. Ba ta ko ɗago daga ɗinkin ba.

"Yaya, ka hana a yanka ta don ka maishe ta abin kallo? Ni tambaye ni abin da kallo ka yi ma rai."

Daga ranar na ɗauke kujera, na sa wa ɗakin kwaɗo. Duk wanda ya zo na ce masa tana barci.

Muka jira har ruwa ya sauka, daji ya rufe, 'yan farauta kowa ya koma gona. Taubashina ne ya zaɓi wurin, don shi ya san sarƙaƙiyar da kare ba ya shiga, mai inuwa, ga ruwa kusa. Muka tafi da safe mu uku, ƙanwata da malfarta da riga mai dogon hannu. Ita ta kwance igiyar. Gadar ta tsaya jim tana shinshina iska, ta ɗaga ƙafa ɗaya, sai ta shige. Ko waiwaye babu, kamar fasinjan da ya iso ƙofar gidansu. Kada ma wani ya tambaye ni wane daji ne, ba zan faɗa ba, kuma in na faɗa kun san ƙarya ce.

Bayan nan baƙi sun yi ta zuwa neman wanda zai samo musu farar fata, kuma duk wanda ya tambayi gwanin daji a garinmu wurin taubashina ake tura shi. Sai ya tambaye su wa ya ba su labari. In suka ce an ce wani ɗan kabu-kabu ne ya taɓa kama ta, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce wancan da ya kori kura da silifa? Ai ɗan akuyar Fulani ne ya ɓata, bawansa ya rungumo yana ihu. Su tafi suna tsaki.

Abin ya ci mini rai ƙwarai. Abu guda na kirki da na yi a duniya, shi ne mutumin nan ke bi yana gogewa. Na same shi na ce wannan kuma ya wuce wasa. Ya dube ni sheƙeƙe.

"In sunka yarda da kai, gobe suna cikin daji. Bari su ɗauke ka maƙaryaci. Ai ba sabon suna ba na."

Tun daga ranar na kama bakina a kan wannan labari, shekara da shekaru, ni da ko tuntuɓe na yi sai unguwa ta ji. In kuna neman jarumtar gaske, to wannan shirun ya fi rungumar wuya.

Ni ba na cikin masu cewa a bar farauta. A kawo mini zomo yanzu ku ga aiki, kuma wanda ya ci shi ya ci gudu, halalinsa ne. Amma farauta ai gasa ce, kai da idonka, ita da maɓoyarta. Wadda aka halitta ba ta da maɓoya, in ka kashe ta ba ka ci kowa ba. Kuma na lura da wani abu: mai cewa aljana ce da mai cewa magani ce, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ba wanda ya tsaya ya ga 'yar dabba ce kawai da rana ke damu, mai son inuwa da harawa da a ƙyale ta.

Har yau in na shiga kasuwar Kalgo sai ƙafata ta kai ni layin masu kayan magani. In tsaya in yi kamar ina taya wani abu, ina bin shimfiɗarsu da ido. Fatar damo, ƙayar bushiya, wutsiyar dila, duk ina gani. Fara dai ban taɓa gani ba. Shekaru sun ja yanzu, in ma ta tafi to tsufa ne ya ɗauke ta, ba wuƙa ba, shi ya sa na ga bakina ya samu izini.

Kafin in sa wannan rubutu na karanta wa ƙanwata, tana ɗinki, 'ya'yanta na kewaye da ita. Ta saurara har ƙarshe, ta ciji zare, ta ce yau dai ban ƙara gishiri ba. Na ce ƙaton fa? Ta ce wannan ta yafe mini.

In kun ga wani ya zo nan ƙasa ya rubuta cewa akuya ce, shi ne. Kada ku tanka masa, bawana ne, aikin gadinsa yake yi har yanzu. Ku dai matso da takalmanku kusa.